Kaza ta shiga kwanci: a bar ta ko a tashe ta?

A gidajenmu na karkara, daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa, kaji su ne asusun uwargida. Da su ake sayen sabulu, kayan miya da maganin yaro ba tare da an taɓa akuya ba. Amma sau da yawa kaza ce ke zaɓar lokacin kwancinta, mai ita sai dai ta gani. Darasinmu na yau shi ne, wannan shawara ta mai kaza ce.

Yadda za a gane kwanci

Kaza mai kwanci takan lafe a gurbi dare da rana. In an kai hannu sai ta bubbuɗa gashi ta kai sara, gashin ƙirjinta kuma ya ragu. Ba ta fitowa sai sau ɗaya ko biyu a yini, ta ci ta sha ta koma. Daga ranar da ta kwanta ta daina yin ƙwai. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, sannan ta shafe kusan wata biyu tana renon ƴan tsaki. Ke nan kowane kwanci yana cin kimanin wata uku. In ƙwan ya zama baragurbi, an yi asarar ƙwai, an bar kaza da rama.

In ana son ƴan tsaki

A zaɓi kaza mai jiki da lafiya, wadda ta taɓa reno da kyau. A tabbata akwai zakara a gidan, domin ƙwan da zakara bai taka ba ba ya ƙyanƙyashewa. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma.

A sa mata ƙwan da bai wuce kwana 7 ba, mai tsabta, marar tsaguwa, kuma kada a wanke shi. Ƙwai 8 zuwa 10 sun ishi kazar gida. Wanda ya leƙo daga ƙarƙashinta zai huce ya lalace. A sa su duka rana ɗaya, a yi wa kowanne alama da gawayi. In wata kaza ta ƙara nata a gurbin, sai a gane a cire.

Gurbi ya kasance a inuwa, inda kare da ɓera ba sa kaiwa. A zuba rairai a ƙasa, a ɗora ƙaiƙayi, a barbaɗa toka da busasshen ganyen dogon yaro don rage ƙuma da ƙwarƙwata. A ajiye ruwa da hatsi ko dusa kusa da ita.

A kwana na 7 zuwa na 10, a haska ƙwan da fitilar salula cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyin jini a cikinsa. Wanda ya fito garau a cire shi tun bai ruɓe ya fashe ya ɓata sauran ba.

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙwai na saurin lalacewa kafin ma a sa shi. Gara a rage kwanci a wannan lokaci.

Ƙwan zabi

Zabuwa ba ta iya reno kamar kaza, shi ya sa da damina ake ba kaza ƙwanta. Ƙwan zabi na ɗaukar kwana 26 zuwa 28. In za a haɗa da na kaza, a fara sa na zabi, bayan mako guda a ƙara na kaza, sai su fito kusan tare.

In ba a son kwancin

A tashe ta tun kwanakin farko, don in ta daɗe ya fi wuya. A kwashe ƙwai kullum, a rufe gurbin. A sa ta cikin keji ko kwando mai shan iska, a ɗaga shi daga ƙasa, a inuwa mai haske, ba tare da shimfiɗa ba. A ba ta ruwa da abinci sosai. Bayan kwana 3 ko 4 a sake ta. In ta koma gurbi, a ƙara mata kwana biyu. Yawanci takan koma yin ƙwai cikin mako biyu zuwa uku.

Kada a tsoma ta cikin ruwa, kada a ɗaure ta a rana, kada a soka mata gashi a hanci, kada a hana ta ci. Wahala ce kawai, kuma kazar da ta rame ba ta saurin komawa ƙwai.

Dabara ga ƴan ƙungiya

A kwantar da kaji biyu rana ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, a haɗa wa ɗaya ƴan tsakin da dare, in ba su fi ƙarfinta ba, ɗayar kuma a tashe ta ta koma ƙwai. A riƙe su cikin akurki makonnin farko saboda shirwa. In mambobi sun daidaita lokacin kwanci, ƴan tsakinsu za su tashi sa'o'in juna, sai a kira ma'aikacin kiwo ya yi musu rigakafi rana ɗaya, kwalbar magani ba ta lalace a banza ba.

A taronku na gaba, kowa ya faɗi kaji nawa ke kwanci a gidansa, da wadda zai bari da wadda zai tasa.