Yadda Ake Kare Tufafi Daga Yamutsewa a Jirgin Ruwa na Yawon Shaƙatawa

Duk mai shirin hawa jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya sani tun daga gida cewa dutsen gugarsa ba zai bi shi ba. Kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da MSC duk sun sa dutsen guga a jerin kayan da suka hana fasinja shiga da su, har da 'yar na'urar hannu mai fesa tururi. Kowane akwati sai ya bi ta na'urar bincike a tasha. In aka hango dutse a ciki, sai a ware akwatin gefe, a kira mai shi, a karɓe, sai ranar sauka a mayar masa.

Wannan doka tana da dalili mai ƙarfi, domin a tsakiyar teku babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. A ranar 20 ga Yulin 1998, jirgin Ecstasy na kamfanin Carnival ya kama da wuta jim kaɗan bayan ya bar tashar Miami a Amurka. Daga babban ɗakin wanki wutar ta tashi: tartsatsin walda ya faɗa kan burbushin zaren tufafi, wutar ta bi bututun iska inda burbushin ya taru, ta ci bayan jirgin. Idan ɗakin wankin da ƙwararru ke tsaye a kansa zai iya haka, ina ga dutse mai zafi da aka manta a kan gado, jirgi kuma yana tangaɗi? Saboda haka ban ga uzurin mai ɓoye dutse a cikin takalmi ba. Rayukan dubban mutane ne a cikin jirgin nan.

To, ya za a yi? Ga daren ado, wato daren da fasinjoji ke caɓa ado, yana jira, wanda a tafiyar mako guda galibi sau biyu ake yin sa, kuma na farkon yakan faɗo tun a dare na biyu. A jiragen Cunard, kamar Queen Mary 2 mai ratsa tekun Atilantika tsakanin Sawuthamton da Niyok, ba a wasa da shigar wannan dare. Mutanenmu ma sun fara leƙa irin wannan tafiya daga Dubai da Daban ta Afirka ta Kudu, da kuma Jidda, inda kamfanin AROYA na Saudiyya ya soma jigila a ƙarshen 2024. Bahaushe kuwa ba ya son a gan shi a taro da riga a yamutse.

Kafin komai, a san abin da ke yamutsa tufa. Zaren auduga da na lilin suna shan danshi. In suka ɗauki danshi da ɗan zafi, sannan aka danne su a lanƙwashe har suka bushe, a haka za su zauna. Danshi, zafi, danniya. Da waɗannan ukun tufa ke yamutsewa, da su kuma take miƙewa. Duk matakan da ke tafe a kansu aka gina su.

Mataki na farko: zaɓen kaya

A nan ake cin rabin nasara. Ka ɗauki kowace tufa da kake niyyar tafiya da ita, ka dunƙule gefenta a tafin hannu, ka matse kamar na rabin minti, ka saki. In ta warware da kanta, ta samu shiga. In ta tsaya a cukurkuɗe, ka yi tunani kafin ka ɗauke ta. Ulu mara nauyi, da yadin da aka gauraya da foliyesta, da riguna masu talewa irin na saƙa, duk suna jure zaman akwati. Lilin tsantsa shi ne mafi rashin haƙuri, auduga mara kauri na bi masa. Ga mata, leshi da yawancin abayoyi ba su da matsala, atamfa mai zane kuma tana ɓoye ƙananan tattara, abin da farin yadi ba ya yi ko kaɗan.

Sannan a rage yawa. Akwatin da sai an hau kansa kafin zif ya rufe, ko me aka shirya a ciki a yamutse zai fito. Kilo 23 da kamfanonin jiragen sama da dama ke ba fasinja a kan akwati guda iyaka ce, ba wai sai an cika ta ba. A bar sarari kamar faɗin tafin hannu a sama.

Mataki na biyu: a goge a gida, a bari ya huce

A yi guga kwana ɗaya kafin shirya akwati, a rataye kayan su sha iska. Mutane da yawa suna sauke riga daga ƙarƙashin dutse kai tsaye zuwa cikin akwati, da ɗuminta da sauran yayyafin ruwan guga. Wannan rigar ta haɗa danshi da zafi, danniya kawai take jira. Sitati ma a sassauta. Rigar da ta sha sitati ta yi ƙyam tana da kyau a jiki, amma in ta karye a akwati, karin ba ya fita sai da dutse, dutsen kuma ba ka da shi.

Mataki na uku: shirya akwati

Kowace tufa da yadda take so a ajiye ta. Singileti, kayan barci, rigunan shan iska, wandon jin, gyale da ɗankwali mai santsi, waɗannan naɗe su ake yi. A shimfiɗa a kan gado, a share tattarar da tafin hannu, a mayar da hannayen rigar ciki, a naɗe kamar tabarma, ba sako-sako ba, ba kuma tamau ba. Su za su cike ramukan da ke tsakanin ƙarafunan hannun akwati, har gindinsa ya daidaita. Takalma da sauran kaya masu nauyi su zauna ta wajen tayoyi, domin in aka tsayar da akwatin kada su zubo a kan tufafi.

Shat mai kwala da kaftani da wandon kwat ninkewa ake yi, amma da dabara. A ɓalla maɓallai duka. A sa ledar nan mara kauri ta masu wankin zamani tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta, ko farar takarda mai laushi. Amfaninta santsi: yadi ba ya kama yadi, sai ya zame, tattara ba ta samun wurin zama. Kada dai a yi amfani da jarida, tawadarta na bin farin kaya. Wando a kwantar da ƙugunsa a cikin akwati, ƙafafun suna reto a waje, a jera sauran kaya a kai, daga ƙarshe a rufo ƙafafun a sama. Ta haka ba zai samu kari a gwiwa ba. Kwat kuwa a juya kafaɗa ɗaya ciki ta koma waje, a cusa ɗayar a cikinta, a ninka sau ɗaya a kan wata naɗaɗɗiyar riga. Bel a naɗe shi a zura a wuyan shat, ya riƙe kwalar.

Shadda ita ce ke buƙatar magana ta musamman. Ƙyallinta, ko Getzner ce ta Ostiriya ko wata, daga daka da murza ya samo asali, shi ya sa ake kai ta wurin masu bugu, su ɗora ta a kan gungume su yi ta sauke mata gudumar katako har ta yi sheƙi. Babbar rigar da ta fito daga wurin bugu ko wurin ƙwararren mai guga, kada a warware ta. A bar ta a ninkin da ta zo da shi, a sa kwali mara kauri sama da ƙasa, a zura a leda, ta zama ita ce ta ƙarshe a saman akwati. Karin ninkin babbar riga ba aibi ba ne a wurinmu, alama ce ta cewa rigar daga ma'aji ta fito. Abin gudu shi ne kari na biyu ya zo ya gitta na farko. A kuma lura ninki bai bi ta tsakiyar aikin wuya da na aljihu ba, don zaren aikin yana tashi. Hula ko dai a cusa mata safa ta tsaya da siffarta, ko a sa ta a ɗan akwatinta, ta bi jakar hannu.

A cikin jakar hannun nan a sa kayan da za a sa a daren farko. Akwatunan da aka miƙa a tasha sukan ɗauki sa'o'i kafin su iso ƙofar ɗaki, wani lokaci har bayan magariba, kuma a hanya ana jibga su ne wani kan wani.

Mataki na huɗu: sa'ar farko a ɗaki

Da zarar akwati ya iso, a buɗe. Kada a ce bari a je a ga jirgi tukuna. Tattarar da ta yi kwana biyu tana fita da rataya kawai, wadda ta yi kwana biyar ta riga ta zauna. A girgiza kowace tufa, a rataye, a bar tazara tsakaninsu. Hangar da ke cikin kabad ba ta cika isa ba, amma mai kula da ɗakin zai ƙaro in an roƙa cikin mutunci. Bangon ɗakunan jirgi galibi ƙarfe ne, don haka ƙugiya mai maganaɗisu tana kamawa, kuma biyu ko uku sun isa su ba doguwar jallabiya ko abaya wurin sauka ba tare da ta tattaru a ƙasan kabad ba. Akwatin da aka juye a tura shi ƙarƙashin gado.

Mataki na biyar: in duk da haka ya yamutse

Hanya mafi sauƙi ita ce tururin wanka. A rataye rigar a bayan ƙofar banɗaki, inda ruwa ba zai fantsamo mata ba, a rufe ƙofa, a yi wanka da ruwan zafi. Banɗakin jirgi ƙarami ne, nan da nan yake cika da tururi. In an gama, a ja yadin da hannu daga sama zuwa ƙasa, a fito da rigar ta bushe sarai kafin a sa. Wasu sukan saki shawa ta yi ta zuba babu kowa a ciki. Wannan ɓarna ce, domin yawancin ruwan da ake amfani da shi a jirgi daga ruwan teku ake tace shi da wahala. A haɗa da lokacin wanka ya wadatar.

Ga tattara mai taurin kai, 'yar kwalbar feshi ta fi komai amfani. A zuba ruwa, a fesa sama-sama har yadin ya yi sanyi amma bai jiƙe ba, a ja shi ya miƙe, sannan a bi shi da na'urar busar da gashi da ke ɗakin, daga nesa kamar taƙi guda. Akwai ruwan feshi da ake sayarwa don wannan aiki, irin na Downy, sai dai in a jakar hannu zai hau jirgin sama, kada kwalbar ta wuce mililita 100. A fara gwada shi a ɓoyayyen gefe, musamman a siliki, wanda ruwa ke bar wa tabo. Abin miƙar da gashi na uwargida, da yake yawancin jirage sun yarda da shi, yana gyara kwala da bakin hannu in an rage zafinsa, amma a zare shi daga soket da an gama.

Duk waɗannan, ban da shadda. Tururi da feshi suna kashe mata ƙyalli, su bar ta dishi-dishi. In ta ɗan tattare, a shimfiɗa ta a kan tebur, a share da hannu, a mayar da ita ninkinta, a sa tsakanin tawul biyu busassu, a ɗora akwati a kai ta kwana. Danniya kaɗai take so.

Kada a shanya komai a baranda. An hana, iska tana kwashewa, ga kuma raɓar gishiri da ke sa tufa ta yi danƙo. A cikin wurin wanka galibi akwai 'yar igiyar shanya da ake jawowa daga bango.

Mataki na shida: guga a cikin jirgi

Jirage ba ɗaya suke ba, don haka a bincika kafin a biya kuɗin tafiya. Na Princess da Cunard da Disney, da yawancin na Carnival, suna da ɗakunan wanki na fasinja, da dutse da teburin guga. Na Royal Caribbean da MSC ba su da su, sai dai a ba ma'aikata su goge, a biya kowace tufa da kuɗinta. Inda akwai ɗakin guga, a je da sassafe ko ranar da jirgi ya tsaya a tasha mutane sun sauka gari. La'asar ta daren ado layi ne har waje. A duba ƙasan dutsen kafin a ɗora, a gwada shi a kan tawul, domin ba ka san abin da na gabanka ya ƙona da shi ba.

In ma'aikata za a ba, a miƙa tun ranar farko, saboda aikin gaggawa yana da ƙarin kuɗi. Mai gugar jirgi mai yiwuwa bai taɓa riƙe babbar riga ba a rayuwarsa. A rubuta a takardar wanki, a kuma gaya wa mai kula da ɗaki baki da baki: guga kawai, ba wanki, ba tururi, wurin aiki kuma a goge ta bai. Ni dai shawarata, shadda mai tsada kada ta shiga hannun wanda bai san ta ba. Gara a fita da karin ninkinta na gida.

Saura abu guda. A daren ƙarshe ana buƙatar fasinjoji su fito da akwatunansu bakin ƙofa, ma'aikata su kwashe, ba za a sake ganin su ba sai a tasha. Kafin ka rufe zif, ka ware kayan da za ka sauka da su, har hula da takalmi, ka rataye su a kabad su kwana a miƙe.