Idan ɓari ɗaya na baka ya fi ɗaya lanƙwasa

Tambaya: Malam, na sassaƙa baka da icen dargaza. Da na ɗaura tsirkiya sai na ga ɓarin sama ya lanƙwashe sosai, na ƙasa kuwa ya tsaya ƙyam. In ci gaba da ja har ya saba, ko akwai gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, kwance tsirkiyar nan tukuna. Ja ba ya gyara baka, ƙara masa ciwo yake yi. Duk nauyin da ɓarin da ya ƙi lanƙwasa ya kamata ya ɗauka, kan mai laushin yake komawa, kuma nan ne zai karye.

Baka yana da baya da ciki. Bayan shi ne gefen da ke fuskantar abin harbi, cikin kuma shi ne gefen da ke kallon maharbi. In ka ja tsirkiya, jijiyoyin icen da ke baya miƙewa suke yi, na ciki kuma su matse. Saboda haka ba a taɓa bayan baka da wuƙa bayan an ɓare ɓawo. Jijiya ɗaya in ta yanke, daga nan tsagewa za ta faro. Bakunan da aka tsamo daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, sun nuna haka: masassaƙansu sun bi jijiyar icen a baya yadda ta zo, ko da ta yi tudu a kan gaɓa. Duk gyara a ciki ake yin sa.

Kauri kuma ya fi faɗi tasiri nesa ba kusa ba. In ka ninka faɗin ice, ƙarfinsa ya ninku biyu. In ka ninka kaurinsa, ƙarfin ya ninku takwas. Bakan da kaurinsa santimita 2 ne, ka kankare milimita 2 kacal, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa a wurin. Shi ya sa aikin gizago ya ƙare tun wajen fitar da siffa. Daga nan sai kaifin wuƙa a tsaye, ko fasasshiyar kwalba, ana fitar da ɓarɓashi kamar gari.

Kafin ka fara, tabbatar icen ya bushe. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a sana'ar baka ɗanyen ice in ya tanƙwaru ba ya dawowa, sai ya zauna a lanƙwashe, harbinsa ya mutu. A shanya shi a inuwa. Riƙa auna shi a sikeli duk mako, in nauyinsa ya daina raguwa, ya isa aiki.

Sai ka tanadi katako mai tsawon mita ɗaya. Yi masa gurbi a sama inda mariƙin baka zai zauna, ka tsattsaga gefensa duk bayan santimita 5 don maƙala igiya. Kafa shi a jikin bango mai haske yadda za ka ga siffar bakan sarai. Fara da doguwar igiya wadda ba ta ɗaure bakan ba. Ja ta ƙasa kaɗan, maƙala, ka ja da baya taku biyar ka duba. Kada ka bar shi a jaye ya wuce 'yan daƙiƙu. Ɗauki hoto da waya ka saki, sannan ka yi nazarin hoton a natse.

Abu biyu kake nema. Na farko, wurin da ya miƙe sambal bai shiga lanƙwasa ba. Na biyu, wurin da ya yi gwiwa, wato ya karyo a waje ɗaya fiye da maƙwabtansa. In ido ya kasa rabewa, samu guntun katako miƙaƙƙe mai tsawon santimita 12, ka riƙa zame shi a cikin bakan yana jaye. Inda ratar da ke tsakaninsu ta yi faɗi, nan ne mai laushi. Inda ta kusa rufewa, nan ne mai tauri. Shafa gawayi a wurare masu tauri, ka zagaye gwiwar da alama don kada wuƙa ta kusance ta.

Ƙa'idar ke nan: a bar inda ya lanƙwasa, a kankare inda ya ƙi. Gwiwa ba ta gyaruwa a kanta, sai an rage icen da ke sama da ƙasa da ita, sannan a sassauta ɗaya ɓarin ya zo daidai. A naka bakan, ɓarin ƙasa za ka kankare daga kusa da mariƙi har zuwa ƙarshe, da dogon ja, ba ka tsaya waje guda kana haƙa rami ba. Jan wuƙa goma zuwa ashirin ya isa. Sai ka mayar da shi kan katako, ka ja ka saki a hankali sau ashirin ko talatin, domin ice ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan ƙara kankara yana zaton bai yi komai ba, sai ɓarin ya zube masa gaba ɗaya.

In ɓarin biyu sun fara tafiya tare, sa tsirkiya ta gaskiya amma a sassauce, ka riƙa gajarta ta har tazarar da ke tsakaninta da mariƙi ta kai dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kimanin santimita 15. Hango bakan ta tsawonsa ka ga ko tsirkiyar ta ratsa tsakiyar mariƙi. In ɓari ya murɗe, to gefe ɗaya na cikinsa ya fi kauri, sai ka shafa da yatsu ka rage gefen mai kaurin.

Rataya sikeli a igiyar ja. In kana son baka mai nauyin kilo 18, kada ka taɓa jan sa ya wuce kilo 18 ko da sau ɗaya, kuma da zarar ka hango aibi, tsaya nan, kada ka ƙara ko santimita ɗaya sai ka gyara. Haka za ka riƙa matsawa har ka kai tsawon janka. Mai jan santimita 70 yana bukatar baka mai tsawon wajen santimita 170. Gajeren baka, gajeren ja. A ƙarshe ana so ɓarin ƙasa ya ɗara na sama tauri kaɗan, ta yadda tazarar tsirkiya a sama za ta fi ta ƙasa da kamar milimita 3.

Duba cikin bakanka da kyau a wurin da ya fi lanƙwasa. In ka ga siraran layuka sun gitta icen, to jijiyoyin wurin sun riga sun murƙushe. Irin wannan sai dai a rage shi ya zama bakan yara, a nemi wani icen.

In ka gama, shafe shi da man kaɗanya ko kakin zuma. Da damina ice na shan laima ya yi sanyi, da hunturu kuma ya bushe ƙayau ya yi saurin karyewa. Kada ka saki tsirkiya babu kibiya, kuma ka kwance ta duk lokacin da ka gama harbi. Icen da ka kankare ba ya komawa, saboda haka ranar da ka ji gajiya ko gaggawa, ajiye wuƙar sai gobe.