Zuwa Ga Ƙannena Masu Burin Ƙwallo a Ƙasar Daura

Kowace yamma filayen Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure cike suke da ku, kowa da burin wata rana ya sa rigar Katsina United a filin Muhammadu Dikko, daga can sai Turai. Burin halas ne, ba zan ce ku bari ba. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku ke jingine makaranta da sana'a saboda shi, alhali ɗan wasa ba shi ke zaɓar ranar da zai daina ba. Ku dubi Carl Ikeme, tsohon mai tsaron gidan Super Eagles. Ya fara kama wa Najeriya a 2015, bayan shekaru yana jiran wannan dama. A watan Yulin 2017 likitoci suka gano sankarar jini a jikinsa, a 2018 ya ajiye safar hannu, wasa goma kacal ya yi wa ƙasarsa. Shi yana Ingila, ƙungiyarsa ta Wolves ta tsaya masa. Yaron da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a filin unguwa fa, ba kwantiragi, ba inshora, wa zai biya kuɗin aikin asibiti? Gonar mahaifinsa ce za ta tafi.

Na san za ku kawo mini Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Kano Pillars har ya kai Leicester a 2016. To, shi kansa bai yarda da ƙafarsa kaɗai ba. Yana tsakiyar tashe ya buɗe gidan mai da cibiyar wasanni a Kano, domin ya san ƙafa tana tsufa kafin mai ita. Kuma a kan kowane Ahmed Musa akwai ɗimbin samari da suka yi atisaye tare da shi, waɗanda yau ba wanda ya san sunansu.

Wasu kuma za su ce taura biyu ba ta taunuwa, wanda ya raba hankali ba zai yi fice ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai dambe ya riga ya ba ta amsa. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, da kaka ake fita bayan an kai amfanin gona gida, idan lokacinsa ya wuce kowa ya koma kan fawarsa. Hakan bai hana a samu zarata ba. Haka ma ƙwallo, atisaye awa biyu ne ko uku, sauran yinin naku ne, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ga shagunan walda da ɗinki da gyaran waya. Duk kocin da ya ce ku bar jarrabawa saboda gwajin 'yan wasa, ku tambaye shi abin da ya tanadar muku idan gwiwa ta ƙi, kuma ku yi tambayar a gaban iyayenku.