Mai koyar da kokowa

Idan kaka ta yi, an yanke hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai ganga ta fara tashi a dandali. Samari su ɗaura walki su fito kokowa. Yara ma suna yin tasu a gefe, cikin rairayi, kafin manya su shigo. Haka ake yi tun kaka da kakanni a Gobir da Adar da Arewa da Damagaram.

Kokowa ita ce babban wasan ƙasarmu. A shekara ta 1975, zamanin mulkin Saini Kunce, aka yi gasar ƙasa ta farko a birnin Tawa. Yakuba Kantu na Maraɗi shi ya ɗauki takobi, kuma filin kokowa na Maraɗi sunansa aka sa masa. Yanzu kowace jiha cikin jihohi 8 takan kawo ƴan kokowa 10, su zama 80 ke nan. Wanda ya kai ƙarshe ba a kā da shi ba, shi ne sarki. A naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki. A ƙarshen shekara ta 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi karo na 6.

Waɗannan sunaye kun san su, makaɗa sun sa kowa ya san su. Amma akwai wani mutum wanda ba a cika yi masa kirari ba. Yana zaune a bakin fili, hannunsa riƙe da butar ruwa, idonsa a kan ƙafafun yaronsa. Shi ne mai koyarwa. Sau da yawa tsohon ɗan kokowa ne wanda ya ajiye walki. A ƙauye ba shi da albashi. Yara suna kiransa Baba.

Aikinsa na fari shi ne gyaran jiki. Da sassafe yakan sa yara gudu cikin rairayi don ƙafa ta yi ƙarfi, numfashi ya yi tsawo. Ya koya musu tsayuwa: a buɗe ƙafafu, a rusuna, kada a miƙe kamar tabarya. Ya koya musu kamu da taɗiya da yadda ake kwance kamun abokin karo. Yakan duba faratan kowa, wanda nasa suka yi tsawo sai ya yanke su kafin ya shiga. Ba ya haɗa ɗan shekara 9 da ɗan shekara 14, ko da ƙaramin ya yi ta roƙo.

Akwai abin da yara ba su so, shi kuwa Baba a kansa ya fi daɗewa: koyon faɗuwa. Yaro yakan ce: «Ni kā da mutane na zo koyo!» Amma duk mai shiga fili wata rana zai sha ƙasa. Wanda bai iya faɗuwa ba yakan tokare da hannu a miƙe, hannun ya karye ko ya goce. Don haka Baba yakan sa su faɗi sau da yawa, su naɗe jiki, su sunkuyar da haɓa, su tashi su kakkaɓe rairayi. Yakan duba fuskar yaro lokacin da ya tashi. Wani ya tashi da dariya. Wani ya tashi da zagi, yana cewa santsi ne, ko asiri aka yi masa. Wannan na biyun sauran aiki gare shi, ko da ya fi kowa ƙarfi.

Maganar asiri kuwa, kun ga ƴan kokowa da layu da guraye har wuya. Al'ada ce, ba mu zo hana ta ba. Sai dai ba mu taɓa ganin laya ta yi wa mutum gudun safe ba.

Kokowa tana da dokoki. Ba a duka, ba a cizo, ba a yakushi, ba a tsone ido. Idan alƙali ya busa usur, kowa ya saki. Wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tā da abokinsa, su gaisa. Faɗin dokokin ba wuya. Wuyar tana zuwa ran da bin doka zai sa a rasa nasara.

Ga labarin wani gari. Yaran unguwar gabas suka yi karo da na unguwar yamma, biyar da biyar. Gabas ta yi kaye biyu, yamma ta yi biyu. Saura karo ɗaya. Gwanin gabas ya shiga, yaro ne mai ƙarfi, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba a shekarar. Suka kama, suka saki, suka sāke kamawa. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya sunkuya kamar zai shafa ƙasa a hannu, ya watsa wa abokinsa rairayi a ido, ya ɗauke shi ya kā da shi. Alƙali yana ta baya, bai gani ba. Fili ya ɗauki sowa, mata suna guɗa.

Baba ya gani. Ya ajiye butarsa, ya shiga fili, ya je wurin alƙali ya ce: «Malam, wannan kaye ba namu ba ne. Yarona ya zuba masa ƙasa a ido.»

Alƙali ya duba idon yaron yamma, ya ga ya yi ja yana hawaye. Ya ba yamma nasara.

Mutanen gabas suka fusata. Wani ya ce Baba ya sayar da unguwa. Wani ya ce alƙali bai gani ba, ina ruwansa? Yaron kuwa ya kwance walkinsa ya jefar, ya tafi gida. Baba bai bi shi ba. Ya ɗauki butarsa ya wanke wa yaron yamma ido.

Kwana shida yaron bai zo gudun safe ba. Ran na bakwai mahaifinsa ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Suka gaisa da Baba. Yaron ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce: «Baba, ka kunyata ni cikin mutane.»

Baba ya ce: «Na sani, ɗana. Da na yi shiru, da baɗi ma ka sāke, gaban alƙalin da ke gani. Kuma yaron nan ido biyu gare shi, kamar kai. In ɗaya ya lalace, me za mu gaya wa uwarsa?»

Yaron bai amsa ba. Baba ya miƙa masa walkin da ya jefar, an wanke shi an ninke. Ya ce: «Ɗaura. Yau da ƙanana za ka yi aiki. Ka koya musu faɗuwa.»

Har yau akwai mutanen gabas da ke cewa kayen nasu ne.

Tambayoyi

1. A wane gari aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko? A wace shekara? Wa ya ɗauki takobi?
2. Don me mai koyarwa ba ya haɗa babban yaro da ƙarami?
3. Me yakan sami wanda ya tokare da hannu wajen faɗuwa?
4. Mutanen gabas sun ce: «Alƙali bai gani ba, ina ruwansa?» Me za ku ce musu?
5. Me ya sa Baba ya tura yaron wurin ƙanana?

Aiki

Ku nemi wani tsohon ɗan kokowa a garinku. Ku gaishe shi, ku tambaye shi wanda ya koya masa, da abin da aka hana a fili a zamaninsu. Ku rubuta amsarsa cikin layi goma, ku kawo ran Litinin.