Yadda A Ke Haɗa Ƙananan Ƙararrawa a Gida

Ya kai mai karatu, ka sani mutanen Ingila suna da wata al'ada ta kaɗa ƙararrawa wadda ta kafu tun ƙarni na 17. A hasumiyar majami'unsu su kan rataye ƙararrawa shida, ko takwas, ko fiye, kowace da muryarta, kowace kuma da mutum guda mai jan igiyarta. Ba waƙa su ke kaɗawa ba, jeri su ke sauyawa bisa lissafi. Wani mutum wai shi Fabian Stedman ya wallafa littafi a kan wannan a 1677.

To, ƙararrawar hasumiya ta kan fi mutum nauyi nesa ba kusa ba. In ɗan koyo ya yi sakaci, igiya ta iya fizgarsa sama. Sabo da haka waɗansu makaɗa su ke haɗa ƙanana a gida, don yara da baƙi su koya ba tsoro. Ga yadda a ke yi.

Da fari ka nemi ƙararrawa shida ƙanana, waɗanda muryoyinsu ke bin juna daga siririya zuwa kakkaura. Ta ƙwarai da tagulla a ke zuba ta, watau jan ƙarfe wajen kashi 77 cikin 100, sauran kuza. Waɗanda ba su da hali har da tukwanen shuka furanni su kan yi.

Na biyu, kafinta ya haɗa maka gado na katako mai ƙarfi, a ɗora shi bisa ginshiƙai, ya ɗara kan mutum sosai. A ɗaure shi da noti, don in gado yana rawa, ba ƙararrawar da za ta yi biyayya.

Na uku, kowace ƙararrawa a ɗaure ta jikin guntun katako mai sandar ƙarfe a tsakiya, bakin sandar biyu su zauna cikin boris. A gefe guda a kafa gargare mai kwari a bayansa, inda igiya za ta kwanta. A huda gargaren, a zura igiya a ƙulle, sa'an nan a bi da ita ta kan wani ɗan gargare, ta sauko hannun makaɗi. Igiyoyin su sauko a da'ira, bi da bi, don kowa ya ga hannun kowa.

Lura da wannan, gama shi ne asirin aikin. Ƙararrawar ba lilo kaɗai ta ke yi ba. Daga baki sama ta ke tashi, ta kewayo ta sake tsayawa baki sama, harshenta ya buga sau ɗaya. In an sake ja, ta komo ta hanyar da ta bi. Sa'ad da ta ke tsaye baki sama, makaɗi na iya riƙe ta kaɗan, ko ya hanzarta ta. Da haka ya ke shiga gaban ɗan'uwansa ko bayansa.

Amma ƙaramar ƙararrawa gaggawa gare ta, kamar gajeren lilo, hannu ba ya cim mata. Maganin abin biyu ne. Ka yi gargaren da faɗi da nauyi. Ka kuma ɗaura ƙarfe a bisa sandar, daura da ƙararrawar, kana ƙarawa kaɗan kaɗan kana gwadawa. Kada nauyin ya kai na ƙararrawar, in ya kai ba za ta kewayo da kanta ba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

In an gama, a ba su lamba, mai siririyar murya ita ce 1. Doka biyu ce. Ƙararrawa ba ta ƙetare wuri fiye da ɗaya a sauyi guda, ba a kuma maimaita jeri sai an komo mafari. Duba yadda uku ke yi:

123, 213, 231, 321, 312, 132, 123.

Ka gani, na farko da na biyu su ka musanya wuri, sa'an nan na biyu da na uku, haka har jeri 6 ya cika. Ƙararrawa huɗu suna ba da jeri 24, biyar 120, shida 720, bakwai 5,040, takwas kuwa 40,320. A 1963, a garin Loughborough, makaɗa takwas sun kaɗa 40,320 ɗin nan duka ba hutawa, cikin sa'a 18 ba kaɗan, ba mai duban takarda.

Kai dai fara da uku. Ka tsaya wajen yaro har hannunsa ya faɗa, ka hana shi naɗa igiya a hannu. In maƙwabta na barci, ka naɗe harsunan da tsumma. Yanzu ɗauki alƙalami ka gwada rubuta jerin ƙararrawa huɗu. In ka bi musanya iri biyu kaɗai, za ka komo mafari bayan jeri 8. Yi tunani, me za ka sauya a wurin don ka kai ga sauran 16?