Zuciya Da Ciki

A garin Danko, cikin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, ana noman dawa da gero da masara. In kaka ta yi aka cika rumbuna, Dakarkari sukan yi bikin Uhola, kowa yana ci yana sha da marmari. To, amma ka taɓa lura da ranar da aka yi rashi a gida? Tuwon dai shi ne, miyar ma ita ce, amma sai a mai da akushi ba a ci rabi ba. Me ya sa haka?

Dalili shi ne, ciki yana bin halin da zuciya ke ciki. In mutum ya tsorata ko ransa ya ɓaci, wani sinadari yakan fito daga saman ƙoda ya shiga jini. Nan da nan gabansa ya riƙa faɗuwa, miyau ya ƙafe, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa don shirin gudu, ciki kuwa ya rage aikinsa. Shi ya sa yaron da aka yi wa tsawa a bakin akushi ba ya iya haɗiye loma.

In kuwa hankali a kwance yake, ko ƙanshin daddawa ya isa ya tsinka maka miyau. Wani masani na ƙasar Rasha, Pavlov, wanda aka ba kyautar Nobel a 1904, ya ga karnukansa suna zubar da miyau da jin takun mai kawo musu abinci, tun ba su ga abincin ba.

Akwai kuma wanda in damuwa ta ishe shi sai ya yi ta shan alewa, ba don yunwa ba. Haƙora su lalace, damuwa kuwa tana nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka, yara, kada ku yi faɗa lokacin cin abinci. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ka ga abokinka yana ture kwano, musamman wanda tashin hankali ya raba da ƙauyensu, kada ka yi masa dariya. Zauna ku ci tare, sa'an nan ka gaya wa malam.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa a jiki in mutum ya tsorata?
2. Me Pavlov ya gani?
3. Yaya za ka taimaki abokinka?