Idan Halin Matashi Ya Sauya

Kowane yaro da halinsa. Wani mai surutu ne, wani shiru-shiru, wani kuma da kunyarsa ya tashi. Duk wannan ba ciwo ba ne. Abin da ya kamata iyaye su sa wa ido shi ne sauyin hali.

Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji murya alhali ba wanda ya yi magana, ko ya haƙiƙance a kan abin da babu shi. Mafi tsananinsa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Ya fi farawa tsakanin shekara 16 da 30, kuma yakan bayyana ga samari da wuri fiye da 'yan mata.

Ciwon bai cika zuwa dare ɗaya ba. Saurayin da ba ya rabo da majalisa sai ya daina fita. Ya kulle kansa a ɗaki, ya bar wanka, ya kwana ido biyu. Sai zargi ya shigo. Ya ƙi cin tuwon gidansu, ya ce an barbaɗa masa wani abu. In ya hango mutane suna hira, ya ce da shi suke. Likitocin da suka bi irin waɗannan matasa shekara da shekaru sun ga cewa yawan zargi, da janye jiki daga mutane, da tunanin da ba a saba ji ba, suna cikin alamun da suka fi nuna haɗari. Haɗarin yana ƙaruwa idan uwa ko uba sun yi ciwon, ko idan yaron yana shan wiwi.

Amma mafi yawan masu waɗannan alamu ba sa kai wa ga ciwon. Don haka kada a yi gaggawar kiran yaro mahaukaci. Wannan suna yana bin mutum har gidan aurensa.

Kada a doke shi, kada a sa masa mari. Sau da yawa akan ce aljanu ne ko sammu, a yi ta yawo da shi har shekaru su wuce, alhali magani ya fi aiki idan an fara da wuri. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wanda ya fi sanin yaron shi zai raka shi, ya gaya wa likita yadda halinsa yake a da, da lokacin da ya fara sauyawa.